Tsayin Masai a Gidan Mai Lalura

Duk wanda ya taɓa jinyar gurgu, ko dattijon da gwiwa ta gaza, ya san masan tsuguno azaba ne gare su. Ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 sun ƙayyade wa mazaunin masai inci 17 zuwa 19 daga ƙasa, kusan daidai da kujerar keken guragu, domin mutum ya zame daga keke zuwa masai ba tare da an ɗauke shi ba, ya yi tsarkinsa cikin sutura. Amma fa ba kowane jiki ƙa'ida ta sani ba, domin idan ƙafa ta yi reto, to tsayin ya wuce haddi. Kafin magini ya fara aiki, a auna mai lalurar da kekensa.