Aiken kasuwa da manhajar sayayya

A Falanko, kamar sauran garuruwan Damargu, sayen hatsi lokacin bazara ba aikin mutum ɗaya ba ne. Uwargida ce ke leƙa rumbu ta ce ya kusa ƙarewa. Maigida ya amince, ya ƙirgo kuɗi. Yaro ya tafi kasuwa, ya taya wurin masu awo biyu ko uku kafin ya saya. In ya dawo, uwargida ta sake aunawa da tiyarta, ta ƙirga canji. Ba zargin yaron ake ba, haka tsarin gida yake.

Manhajojin sayayya da manyan kamfanoni ke kashe wa kuɗi, irin su Odoo ta Beljiyam, ko Ariba da aka kafa a Amurka a 1996 kuma kamfanin SAP ya saye a 2012, wannan tsarin suka zuba cikin kwamfuta. Kaya na raguwa a mangaza zuwa wani adadi, manhaja za ta tayar da buƙata, ta tura wa mai ikon sa hannu, ta jera farashin 'yan kasuwa, sannan ta fitar da takardar oda. Ranar biya kuwa sai ta haɗa takardu uku: abin da aka nema, abin da ya shigo mangaza, da abin da ɗan kasuwa ya rubuta a biya shi. In an nemi buhu 100 amma 96 suka iso, kuɗi ba za su fita ba sai an ji inda huɗun suka maƙale.

Ƙasar gero ta san amfanin wannan. OPVN, hukumar da aka kafa a 1970, na sayen hatsi ta adana don ranar ƙunci, bankunan cimaka na ƙauyuka ma suna saye da kaka su sayar da rahusa kafin sabon amfani ya nuna. A irin wannan ciniki, tiya guda da ta ɓace daga kowane buhu abincin gidaje ne masu yawa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Lantarki da intanet ba su wadata a karkarar Tanut da Balbeji ba, amma kwamitin bankin cimaka ba sai ya jira su ba. Littafi da biro sun isa, muddin mai riƙe makullin mangaza daban, mai riƙe kuɗi daban, mai sa hannu kuma daban.