Rigakafin Hawan Jini da Ciwon Suga Yana Cikin Rumbunmu

Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari kan cika ta batse da fatake daga Nijeriya da Nijar. Ban da shanu da raƙuma da suka yi mata suna, daga wannan yanki ake loda buhunan riɗi da zoɓo a manyan motoci, su nufi Kano da Legas, daga can a ƙetara da su ƙasashen waje. Abin da ke shigowa garuruwa da ƙauyukan Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar kuwa ya haɗa da katan-katan na lemon kwalba, da taliyar leda, da dunƙulen ɗanɗano, sai kuma robobin ƙwayoyi da garin magani waɗanda mai lasifika ke rantsuwa suna kawar da suga da hawan jini da ciwon ƙoda a lokaci guda. Wannan musaya abin a tsaya a duba ce, domin mafi yawan kariyar da ake nema a cikin waɗannan robobi tana cikin abin da manomin ƙasar Gumel ke nomawa da hannunsa. Ƙwayoyin bitamin suna da gurbinsu, amma ƙarami ne, kuma daga su har abincin babu mai maye gurbin maganin asibiti idan cuta ta riga ta zauna.

Cututtukan da ake magana a kansu ba irin zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha wa magani kwana uku a miƙe. A hankali suke ginuwa, shekara da shekaru, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Hukumar ta ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50, a kuma ci ganyaye da 'ya'yan itatuwa aƙalla giram 400. To, a dubi tukunyar miya guda da aka jefa wa dunƙule huɗu ko biyar, aka bi da gishiri, aka ƙara farin magi. A dubi kofin shayin da ake zuba wa sukari da babban cokali, ko robar lemo mai rabin lita wadda ita kaɗai kan iya cinye kusan duk kason sukarin yini. Saboda irin wannan ne gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 kan kowace litar lemo mai zaƙi a 2022.

Masana sun gwada hanyoyin biyu, gyaran abinci da shan ƙwayoyi, a kan dubban mutane, kuma sakamakon ba a ɓoye yake ba. A wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, an bi mutane sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda suka gyara abincinsu, suka rage ƙiba, suka riƙa motsa jiki, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, alhali masu shan maganin metfomin kashi 31 suka samu. A ɓangaren ƙwayoyi kuwa labarin ya sha bamban. A ƙasar Finlan an ba wa maza masu shan taba kimanin 29,000 ƙwayoyin gwaji, sai rahoton 1994 ya nuna sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka sha ƙwayar sinadarin da ke cikin karas. A 2018 wani gwajin da ya haɗa Amurkawa kusan 26,000 ya nuna ƙwayar bitamin D ba ta rage kamuwa da sankara ko manyan cututtukan zuciya ba. Dalilin bai da wuyar ganewa. Ƙwayar gero ko wake tana zuwa da dusa da ɓawo masu rage saurin shigar suga cikin jini, tana ƙosar da mutum har ya rage cin wani abu. Kafso sinadari ɗaya ya tsamo, an kuma ɗora shi a kan abincin da ba a canza ba.

A nan ne ƙasar Gumel take da abin da wasu ke nema da kuɗi. Gero, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa shekarar 2023 tare da danginsa, shi ne abincin yau da kullum a ƙasa mai rairayi irin wannan. Ga dawa da wake, ga riɗi da gyaɗa masu lafiyayyen mai, ga kuka, zogale, rama, yakuwa da tafasa, ga magarya, aduwa, goruba da kankana. Kwanon kwaɗon zogale da ƙuli da tumatir da albasa ya tara ganye da abin gina jiki wuri guda. Zoɓo kansa an gwada shi: a 2010 masu bincike na Jami'ar Tufts a Amurka sun ba wa mutane masu ɗan hawan jini kofi uku a kullum na mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin maki bakwai. Sai dai amfanin yakan zube a wajen sarrafawa. Surfen da ake yi wa hatsi har ya yi fari fat yana tafiya da dusar da jiki ke buƙata. Furar da aka dama da nono abinci ce mai kyau, amma in aka antaya mata sukari ta koma wani abu daban, haka ma zoɓon ƙullin leda.

Wani zai ce wannan zancen masu hali ne, talaka abin da ya samu yake ci, kuma da rani ina aka ga ɗanyen ganye? Ƙorafin yana da tushe, tsadar abinci ba ƙarya ba ce. Amma rage gishiri da dunƙule da sukari ba ya cin ko sisi, ragin kuɗin cefane ma yake kawowa, kuma daddawa tana nan don ɗanɗano. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin shanya kuka da kuɓewa da zogale a inuwa don rani. Kuɗin robar ƙwayoyi guda kuwa sau da yawa zai auno waken da gida zai ci kwanaki. Abin da ya rage shi ne magidanci ya ware kason gida na wake da riɗi tun da kaka, kafin ya kai sauran kasuwa.

Wani kuma zai ce ai asibiti ma ƙwayoyi take bayarwa. Haka ne, kuma suna ceton rai. Maganin ƙarin jini ga mai juna biyu, ɗigon bitamin A ga yara 'yan wata 6 zuwa 59, sinadarin zinki tare da ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, duk an tabbatar da amfaninsu. Tun 1993 doka ta wajabta sanya aidin a gishiri don hana maƙoƙo. Bambancin shi ne waɗannan giɓi suke cikewa wanda aka san da shi, ga mutanen da aka sani, a ma'aunin da aka sani. Lambar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, a jikin maganin gargajiya ba shaidar yana warkarwa ba ce, shi ya sa ake rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai shi ba. Shaidar "na sha na ji sauƙi" ma ba hujja ba ce a kan cutar da tun farko ba a jin ta. Na'urar awo ce kaɗai ke faɗin gaskiya.

Ba kuma duk abin da aka gada ne lafiya ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun danganta yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego da yawan shan kunun kanwa da wankan jego, domin kanwa tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna tana da gubar da ke haddasa sankarar hanta. Tuwon gero ma yana ɗaga suga in aka cika malmala, don haka mai ciwon suga zai rage tuwo ya yawaita miyar ganye da wake. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko allurar insulin, kada ya ajiye don ya fara shan zoɓo ko garin zogale. Ya haɗa gyaran abinci da magani, ya kuma faɗa wa likita duk abin da yake sha, musamman mai ciwon ƙoda.

Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin yana hannun mai ba da kuɗin cefane da mai riƙe da ludayi. Duk baligi, musamman wanda ya haura shekara 40 ko yake da mai irin wannan ciwo a danginsa, ya je Babban Asibitin Gumel ko cibiyar lafiya mafi kusa a auna masa jini da suga, ko da yana jin garau. Malamai da limamai da masu unguwanni su taya da wannan kira. A rage gishiri da sukari daga girkin yau, a bar wa gida kasonsa na wake da riɗi, kuma kada a sayi wata ƙwaya sai ma'aikacin lafiya ya ce jiki na buƙatarta.