Shamuwa ba ta zuwa bakin Potomac

A gida, tsuntsu ne kalandar manomi. Da zarar shamuwa ta sauka, an san damina ta ƙarato, daminar da Na'ibi Sulaiman Wali ya yi wa waƙa sukutum. A nan Fort Washington ta jihar Maryland kuwa, lissafin ya sha bamban. Wani shaho mai kamun kifi ne ke dawowa bakin kogin Potomac a watan Maris, alamar sanyi ya fara kau. A 2021 wasu ƙwari masu ƙara irin ta gyare sun fito a yankin Washington bayan shekara 17 a ƙarƙashin ƙasa, sai 2038 za a sake jin su.

Duk waɗannan ban san su da sunan Hausa ba, kuma abin na damuna.

Mawaƙan Ostareliya sun taɓa shiga irin wannan hali. Sun gaji waƙoƙin Ingila masu cewa Disamba lokacin ƙanƙara ne, alhali a wurinsu tsakiyar zafi ne. A. D. Hope ya riƙe tsofaffin tatsuniyoyin Girkawa bai sake su ba. Ita kuwa Judith Wright ta dubi abin da ke gabanta, ta fitar da littafin waƙoƙi kan tsuntsayen ƙasarta a 1962.

Mu ma aikin biyu ne: mu ba 'ya'yanmu labarin shamuwa, mu kuma raɗa wa tsuntsayen nan suna, mu waƙe su. In ba haka ba, Hausarsu za ta tsaya a gaisuwa da sunayen abinci.