Iccen gona da iccen daji a ƙasar Kurfai

Yau za mu yi magana a kan icce.

Ku tambayi dattawan Filinge. Za su gaya muku abin da fari ya yi wa daji a shekarar 1973 da ta 1984. Amma ba fari kaɗai ke kashe icce ba. Hannun mutum ma yana kashewa.

Ga manoma biyu a lokacin sassabe. Na fari ya sare sabara da kalgo, ya tone kututture, ya sa wuta. Gonarsa ta yi fes. Da iskar farkon damina ta taso, sai rairayi ya rufe ƙaramin hatsi, dole ya sake shuka. Na biyu ya bar kututture. A kowane ɗaya ya zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, ya sassabe sauran. Saiwa tana nan da rai a ƙasa, don haka tsiron yana girma da sauri, ya fi dashe. Bayan ƴan shekaru, matarsa ba ta tafiya nesa neman iccen wuta. Wannan shi ne sassaben zamani. An soma yaɗa shi a jihar Maraɗi wajen 1983. A Maraɗi da Damagaram ya maido da itatuwa a gonaki kusan hekta miliyan 5.

To, yaya za ka gane ko dajinku zai ɗore? Kada ka ƙirga manyan itatuwa kaɗai. Shiga cikin gawo na Dallol Boso, ka duba ƙasa. Akwai ƙananan gawo? In babu, ko da inuwa ta yi yawa yau, ranar da tsofaffin suka faɗi shi ke nan. Kuma gawo ba abin wasa ba ne: yana zubar da ganye da damina, ya taki gona, da rani ƴaƴansa su ciyar da bisashe.

Masu saran icce na sayarwa zuwa Yamai, ku ma ku ji. Dokar 1992 ta ba ƙauyuka damar buɗe kasuwar icce. Ana raba daji kashi-kashi, bana a sari wannan, baɗi a koma wancan, na farko ya huta.

A da, manomi yana tsoron tarar ɗan gandun daji, shi ya sa yake kashe tsiro tun yana ƙarami. Tun 2020 doka ta ce iccen da ka rena a gonarka naka ne. Kafin ka sare babba dai, ka fara zuwa wurin ma'aikacin gandun daji.