Ƙasar Sin ba ta ƙare a kasuwannin Gwanzu ba

Akwai 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi da suka shafe shekaru suna zirga-zirga zuwa ƙasar Sin, amma in ka tambaye su me suka gani, amsar ba ta wuce otal a birnin Gwanzu, da shagunan yadi da wayoyi, da ofishin mai lodin kwantena ba. Wasu kan ƙara da kasuwar Yiwu. Ba laifinsu ba ne, neman halak ya kai su. Sai dai ƙasar da girmanta ya ninka na Najeriya kusan sau goma ba a saninta daga bakin kanti ɗaya. Mai son ya ga Sinawa da al'adunsu sai ya taka birane da yawa, kuma rabin aikin yana ƙarewa ne tun yana gida, wurin tsara tafiyar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗama. Mutum ya samu mako biyu, sai ya jero birane takwas a takarda, ya ƙare da sanin tashoshi da ɗaukar jaka. Birane huɗu sun isa mako biyu, kuma a jera su a kan layin dogo yadda ba sai an koma baya ba. Shi ya sa ya fi kyau a sayi tikitin jirgin sama da zai sauke mutum a Beijin ta arewa, ya ɗauke shi daga Gwanzu ta kudu. Kamfanin Ethiopian Airlines, wanda ke tashi daga Kano ta Adis Ababa, yana zuwa biranen biyu.

Abin da ya sa irin wannan tafiya ta yi sauƙi a yau shi ne jirgin ƙasa mai gudun gaske. Tsawon layukansa ya haura kilomita 40,000, fiye da na sauran ƙasashen duniya a haɗe, kuma wasu jiragen na gudun kilomita 350 a sa'a. Daga Beijin zuwa Shanghai kilomita 1,318 ne, ya fi nisan Kano zuwa Legas, amma sa'a huɗu da rabi ta isa. Ana fara sayar da tikiti kwana 15 kafin tafiya ta manhajar 12306, da sunan matafiyi da lambar fasfonsa, kuma fasfon ne ake nunawa a ƙofa. A lura da sunan tasha, domin babban birni yakan mallaki tashoshi uku ko huɗu, tsakaninsu tafiya ce mai tsawo.

Beijin na buƙatar kwana huɗu. A tsakiyarta fadar sarakuna take, wadda aka fi sani da Haramtaccen Birni, saboda talaka ba ya shigarta a da. An gina ta tsakanin 1406 da 1420, sarakuna 24 na daulolin Ming da Qing suka zauna a cikinta, har aka fitar da na ƙarshensu, Puyi, a 1924. Ba a sayar da tikitinta a bakin ƙofa yadda aka saba. Ta intanet ake kama gurbi, mako guda kafin ranar, kuma yakan ƙare da wuri. Ranar Litinin a rufe take. Babbar Ganuwa kuwa yini guda take ci. Sashen Badaling ya fi sauƙin zuwa, don haka ya fi cunkoso. Mutianyu ya fi dacewa da mai son ya yi tafiya a kan ganuwar ba tare da kafaɗa na gogar kafaɗa ba. In Juma'a ta riske ka, ga masallacin Niujie, wanda tarihinsa ke komawa shekarar 996.

Daga nan sai Shi'an, wanda a kan tikiti za ka ga an rubuta Xi'an, tafiyar kusan sa'a biyar a jirgin ƙasa. A ganina nan ne zuciyar tafiyar, kuma wanda kwanakinsa suka gaza gara ya bar Shanghai da ya bar wannan birni. A da sunansa Chang'an, hedkwatar daular Tang daga 618 zuwa 907, kuma daga nan ayarin raƙuma ke tashi a kan Hanyar Siliki zuwa Farisa da ƙasashen Larabawa. A 1974 wasu manoma na haƙa rijiya a gabashin birnin suka ci karo da gutsattsarin mutum-mutumi. Ashe runduna ce ta sojojin yumɓu, kimanin 8,000, da dawakai da karusai, aka binne don su tsare kabarin Qin Shi Huang, sarkin da ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa. Kowane soja da irin fuskarsa da ɗaurin gashinsa. Cikin gari kuma tsohuwar ganuwa na nan, zagayenta ya kusa kilomita 14, faɗinta ya isa a hau keke a kanta.

Amma abin da zai fi tsaya wa Bahaushe a rai shi ne unguwar Musulmi da babban masallacinta. Ana danganta kafuwarsa da shekarar 742, ko da yake ginin da ake gani yau na zamanin Ming ne da bayansa. Ba kubba, ba doguwar hasumiya irin ta Masar ko Turkiyya. Farfajiya ce bayan farfajiya, da ƙofofin katako, da rufi mai lanƙwasasshen baki irin na gidajen Sinawa, sai ka matsa kusa ka ga ayoyin Alƙur'ani a sassaƙe. Al'ummar Hui ne masu shi: Sinanci suke yi, da sanduna suke cin abinci, kuma Musulmi ne tun kaka da kakanni. A layukan da ke kewaye da masallacin ana sayar da wani abinci na gurasa da mai ci ke gutsuttsurawa da hannunsa, a zuba mata romon rago mai zafi. Kada a wuce shi.

Maganar abinci ba ta wasa ba ce, domin naman alade ne ya fi yawa a girkin Sinawa, kuma ko ganye aka soya ana iya sa kitsensa. Sa'ar da aka yi ita ce kusan kowane birni na da shagunan taliyar Lanzhou, wadda ake ja da hannu a dafa da naman sa, kuma yawancinsu na Musulmi ne. Alamar halal a can haruffa biyu ne, 清真, galibi a kan koren allo. A ajiye hotonsu a waya.

Bayan Shi'an hanya ta rabu biyu, kuma ɗaya za a zaɓa. Ta kudu maso yamma na kaiwa Chengdu cikin sa'a uku zuwa huɗu, garin dabbar fanda da gidajen shayi da abinci mai yaji. Kusa da shi akwai Dujiangyan, aikin raba ruwan kogi da aka yi wajen shekara ta 256 kafin haihuwar Annabi Isa, ba tare da madatsa ba, kuma har yau yana shayar da gonaki. Duk mai sha'awar noman rani ya kamata ya gan shi. Ta gabas kuwa na kaiwa Shanghai, birnin dogayen benaye, inda rabin sa'a a jirgi za ta kai ka Suzhou mai tsofaffin lambuna da masaƙar siliki.

Gwanzu ita ce zangon ƙarshe, kuma tana da abin gani ban da kasuwa. Masallacin Huaisheng na cikin mafiya tsufa a ƙasar, da hasumiyarsa mai tsayin kusan mita 36. Akwai kuma kabarin da Musulmin yankin ke dangantawa da Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihin Musulunci sun tafi a kan cewa a Madina aka binne shi.

Sauran shirin na takardu ne da waya. Ɗan Najeriya ko Nijar sai da biza, kuma ta yawon buɗe ido daban take da ta kasuwanci. Akan nemi shaidar tikitin dawowa da na masauki. A riƙe katin rigakafin shawara. Doka ta ce a yi rajistar baƙo da 'yan sanda cikin sa'a 24. Otal ne ke yin wannan, amma wanda ya sauka gidan aboki shi zai kai kansa. Sinawa sun kusa daina taɓa takardar kuɗi, da manhajojin Alipay da WeChat ake biyan komai, har mai gasa dankali a gefen titi. Tun 2023 ana iya haɗa su da katin bankin waje, sai a gwada tun a gida, a kuma riƙe ɗan kuɗinsu na yuwan a aljihu. WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a intanet ɗin ƙasar, don haka a shirya da iyali yadda za a riƙa gaisawa, a tuna kuma agogonsu na gaban namu da sa'a bakwai.

Lokacin tafiya ne ke gyara duk wannan shiri ko ya rusa shi. Hunturun Beijin sanyi ne mai daskarar da ruwa, watannin Yuli da Agusta kuma zafi da gumi ne a kudu. Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba, sun fi daɗi. Sai dai a kauce wa bikin sabuwar shekararsu da ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu, da hutun farkon Mayu, da makon bikin ƙasa da ke farawa 1 ga Oktoba, domin a waɗannan ranaku ɗaruruwan miliyoyin Sinawa ne ke kan hanya, tikiti ya yi wuya, wuraren tarihi su cika maƙil. Baje kolin Canton, da ake yi a Gwanzu tun 1957, shi ma yakan ɗaga kuɗin otal daga tsakiyar Afrilu da kuma tsakiyar Oktoba. Duk mai niyyar zuwa a watan Oktoba, ya sa ranar saukarsa Beijin bayan 8 ga wata.