Ƙawata bango a Kagoro da Kafanchan: Yadda ake gane ingantaccen bugun zane kafin a biya kuɗi

Kagoro (Jihar Kaduna) – A ranar 1 ga Janairun kowace shekara, garin Kagoro da ke Ƙaramar Hukumar Kaura kan cika ya batse da baƙin bikin Afan, kuma masaukai da ɗakunan taro har zuwa Kafanchan kan samu rabonsu na jama'a. Kafin ranar, masu irin waɗannan wurare kan sake fenti, su sauya labule, su rataya sababbin hotuna. Sai dai hoton da aka saya a bakin titi, ko aka buga a shagon masu bana, yakan koɗe ko ya yi fumfuna tun kafin bikin baɗi ya zagayo. A nan ne arha takan gaza yin ado.

Ingancin hoton bango ya dogara ne da abubuwa uku: inda ya samo asali, kayan da aka buga shi da su, da kuma yadda aka kare shi daga yanayin wurin da zai zauna.

Bugu iri biyu ne

A kasuwar zane, kalmar bugu tana da ma'ana biyu. Ta farko ita ce bugun asali, inda mai zane yake sassaƙa hoton da hannunsa a jikin katako, ko ya karce shi a farantin ƙarfe, ya shafa tawada, sannan ya danne takarda a kai. Kowace takardar da ta fito aikin hannunsa ce, ba kwafin wani zane ba. Bisa al'ada, yakan ƙayyade adadin da zai buga, ya sa hannu da fensir a ƙasan takardar tare da lamba. Idan aka ga 7/50, wannan ita ce ta bakwai cikin hamsin.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, kuma da bugun asali ya yi suna a duniya. Har yau sashen zane-zane na jami'ar yana yaye ɗalibai, kuma cikin fitattun malaman da suka koyar a can akwai Farfesa Jerry Buhari, ɗan asalin Ƙaramar Hukumar Kachia a kudancin Kaduna. Mai neman aiki na asali a farashi mai sauƙi, baje kolin ɗalibai masu kammala karatu wuri ne da ya kamata ya fara leƙawa, domin a can yana iya magana da mai zanen baki da baki.

Ma'ana ta biyu ita ce kwafi: zanen da aka yi da fenti, aka ɗauki hotonsa, aka buga da na'ura. Kwafi ba abin kunya ba ne. Zanen Tutu na Ben Enwonwu ya shiga gidaje da dama a Najeriya ne ta hanyar kwafi, alhali ainihin zanen da aka gano a Landan an sayar da shi a gwanjon Bonhams a Fabrairun 2018 kan fam miliyan 1.2. Matsalar tana tasowa ne idan aka sayar wa mutum kwafi da sunan bugun asali. Alama guda mai sauƙi ita ce sa hannu: wanda aka yi da fensir yana kan takardar ne daban, wanda na'ura ta buga kuwa ya saje da hoton.

Zane yana da mai shi

Da yawa suna ɗauka duk hoton da ke intanet na kowa ne. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris 2023, ba haka ta ce ba. Zane yana ƙarƙashin kariyar doka tsawon rayuwar mai shi, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Hoton kyamara kuwa yana da kariyar shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi ga jama'a.

Saboda haka, mai ƙawata ɗakuna da ya sauke zanen wani daga Facebook ya buga kwafi ashirin domin ɗakunan otal, ya shiga haƙƙin mai zanen, kuma ana iya kai ƙararsa. Ko sayen ainihin zanen ma bai bai wa mai saye damar buga kwafinsa ba, sai da amincewar wanda ya zana. Hanya mafi tsabta ita ce takardar izini wadda ta fayyace adadin kwafi, girmansu da wurin da za a rataya su.

Akwai kuma hotunan da aka halatta wa kowa. Tun 2017 gidan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York ya buɗe hotunan dubban ɗaruruwan tsofaffin ayyukan da kariyarsu ta ƙare, domin kowa ya sauke ya buga kyauta. Cibiyar Smithsonian ta Amurka ta bi sahu a 2020 da hotuna miliyan 2.8.

Tarkon kayan Nok

A kudancin Kaduna akwai wani tarko na musamman. A 1928 ne masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba. A farkon shekarun 1940 aka kai wa Bernard Fagg wani kan yumɓu da aka samu a yankin Jema'a, shi ne ya gane cewa kayan duk na al'umma ɗaya ne, wadda ta rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Fagg ne kuma ya jagoranci kafa gidan tarihi na Jos a 1952.

Kyawun waɗannan kawuna, masu idanu kamar alwatika da kitso iri-iri, ya sa wasu ke sha'awar ajiye su a falo. Amma dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka bai wa izini, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje ba da takardar hukumar ba. A 2000, majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sanya kayan Nok cikin jerin kayan Afirka da ke fuskantar barazanar wawaso. Wanda ya sayi irin wannan kai a ɓoye, ko dai ya sayi jabu, ko ya taimaka wa masu tone kufai. Hoton kayan da aka ɗauka da izinin gidan tarihi, ko sabon zanen da wani mai fasaha ya yi bisa kamanninsu, yana biyan buƙatar ado ba tare da an taɓa gadon jama'a ba.

Takarda, tawada da girman hoto

Ingantaccen kwafi ana buga shi ne a takardar auduga marar asid mai kauri, ko a kan kyallen zane, da tawada mai ƙwayoyin launi, wadda ta fi tawadar rini jure haske. Takarda mai asid takan yi rawaya kamar tsohuwar jarida. Ledar bana kuwa an yi ta ne domin talla da ake hange daga nesa, shi ya sa a cikin ɗaki take ƙyalli, launinta kuma ya yi kaushi.

Girman fayil ɗin hoton ma yana da muhimmanci. Ma'aunin da masu ɗab'i suka saba bi shi ne ɗigo 300 a kowane inci. Hoton santimita 60 da 40 yana buƙatar ɗigo kusan 7,000 a tsawo da 4,700 a faɗi, wato sama da megafiksel 30. Wayar megafiksel 12 tana iya ba da bugu mai kaifi na kimanin santimita 34 da 25. Babban hoton da za a kalla daga nesa yana iya wadatuwa da rabin wannan ma'auni. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yakan rage nauyi, don haka a tura shi a matsayin fayil, kuma a nemi ƙaramin bugun gwaji kafin a biya kuɗin babba.

Damina da hunturu

Yankin Kagoro yana cikin sassan Jihar Kaduna da suka fi samun ruwan sama, kuma daminarsa takan kai wata shida ko fiye. Laima ita ce babbar abokiyar gabar takarda. Idan hoto ya manne da gilashi, raɓa kan taru a tsakani, fumfuna ta biyo baya. Maganin shi ne a sa kwali mai kauri a kewaye, wanda zai raba takarda da gilashi, a kuma bar 'yar tazara tsakanin firam da bango domin iska ta ratsa. Sabon ginin da sumuntinsa bai gama bushewa ba, da bangon da ruwa ke duka daga waje, ba wurin rataya hoto ba ne.

Da hunturu kuwa ƙura ce ke kutsawa, saboda haka a like bayan firam da kyau. Katakon da ba a yi wa maganin gara ba, bai daɗe a wannan yanki. Hasken rana kai tsaye yana cin kowane irin launi, komai tsadarsa. Wajen ratayawa, gidajen baje kolin zane kan daidaita tsakiyar hoto a kusan santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsaye.

Abin da baƙo ya zo gani

Baƙon da ya taso daga Abuja ko Legas domin bikin Afan, ba hasumiyar Paris ya zo gani ba. Duwatsun Kagoro da ke tsaye a kan garin, ruwan Matsirga da ke kwararowa kusa da Kafanchan, tsohuwar mahaɗar jirgin ƙasa, maharban Afan da kwari da bakansu, duk abubuwa ne da mai ɗaukar hoto ko mai zane na yankin zai iya samarwa bisa yarjejeniya. Hoton tsauni da ruwa yana kuma da wata fa'ida a wurin da mabiya addinai daban-daban ke haɗuwa, domin babu wanda zai ƙi zama a ƙarƙashinsa.

Kafin kuɗi ya fita daga hannu, tambayoyi huɗu sun isa: wa ya yi aikin, da izinin wa aka buga, a kan wace takarda da wace tawada, kuma kwafi nawa ne? Mai sayarwar da kayansa ke da asali ba zai ƙi rubuta amsoshin a kan rasit ba.