3.3 Matasa da 'Yancin Karanta Littattafan Soyayya

A wannan sashe za a duba taƙaddamar da aka daɗe ana yi a ƙasar Hausa, musamman a Kano, a kan ko ya dace a bar matasa su karanta littattafan da ke taɓo al'amura masu nauyi, irin su auren dole da kishi da saki da karuwanci. Taƙaddamar ta taso ne tun daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da matasa suka fara rubuta labaran soyayya suna bugawa da kuɗinsu, ana sayarwa a kasuwa, ana kuma bayar da su haya. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su da inganci, alhali su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare su a shafukan jaridu.

Iyaye da malamai da dama sun ɗauka cewa waɗannan littattafai su ne ke koya wa 'yan mata bijirewa zaɓin iyaye. Wannan ra'ayi ya yi ƙarfi har hukuma ta shigo ciki. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a shekarar 2001, sannan a shekarar 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, shirin A Daidaita Sahu ya jagoranci ƙona wasu littattafai a wata makarantar 'yan mata.

Sai dai idan aka nazarci littattafan su kansu, za a ga cewa hukuncin ya yi musu kuɗin goro. Misali, a cikin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, an cire yarinya daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho, daga baya ta nemi ilimi da kanta har ta zama abin kwatance. Marubuciyar ma an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. Haka kuma Alhaki Kuykuyo Ne (1990) ya nuna halin da mace da 'ya'yanta ke shiga idan miji ya wulaƙanta ta ya sake ta. Yarinyar da ta karanta waɗannan ba ta ga baƙon abu ba, domin tana ganin irinsa a gidansu ko a maƙwabta. Abin da littafin ya ƙara mata shi ne damar yin tunani a kan lamarin kafin ya same ta, a al'ummar da kunya ke hana uwa tattauna irin wannan da 'yarta, balle 'yar fari.

Ba a musun cewa akwai littattafan da batsa ce kawai jarinsu, kuma ɗan shekara goma ba ɗaya yake da ɗan shekara goma sha bakwai ba. Amma hani bai raba matasa da karatun ba. Da can ɗalibai kan ɓoye littafi a cikin na darasi; yanzu labaran sun koma wayar hannu, ana rarraba su babi-babi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, inda hannun hukumar tacewa ba ya kaiwa cikin sauƙi. Malamin da ya karanta littafin tare da ɗalibansa a aji yana iya tambayar su dalilin da ya sa tauraruwa ta aikata abin da ta aikata, da kuma abin da ya biyo baya. Wanda ya ƙwace littafin kuwa ya rasa wannan dama, domin ɗalibar za ta ƙarasa labarin a wayar ƙawarta.